Huɗu da rabi: inda cancanta take maƙalewa a siyasar Somaliya

Majalisar wakilan Somaliya kujeru 275 gare ta, kuma tun kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya an san gidan da kowace kujera za ta faɗa. Hawiye 61, Darod 61, Dir 61, Rahanwen 61. Ragowar 31 na dukan ƙananan al'ummun ƙasar ne a dunƙule, rabin kason babban gida ke nan, shi ya sa ake ce wa tsarin huɗu da rabi. Mu nan Katsina da muka saba da lissafin shiyyar Daura, shiyyar Funtua da ta tsakiya, da kukan "yanzu lokacinmu ne" duk kakar zaɓe, sai mu ɗauka abu ɗaya ne da namu. Akwai kama, amma mu da ƙasa muke rabo, su da jini.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne kusan dukansu Musulmi ne, mazhabar Shafi'iyya suke bi, kuma mafi yawansu harshe ɗaya suke yi. To me ya raba su? Mai cewa jahilci ne ko tsabar son kai bai duba amfanin da zuriya take yi wa mutum a can ba. Yaro tun yana ƙarami ake koya masa jero kakanninsa ta wajen uba, hawa ashirin ko fiye. A cikin wannan jeri akwai matakin da ya fi babban gida muhimmanci a rayuwar yau da kullum, wato rukunin masu biyan diyya, maza ɗari kaɗan zuwa dubu kaɗan da suka haɗu a kaka ɗaya. In ɗayansu ya kashe wani, dattawan ɓangarorin biyu suke zama bisa dokar gargajiyarsu. Ran namiji raƙuma 100, na mace 50, ko kimarsu a kuɗi. Ba mai laifin kaɗai zai biya ba, ana rarraba nauyin a kan kowane namiji na rukunin, ko yana daji da raƙumansa ko yana tuƙin tasi a Landan. In su aka kashe wa mutum, haka nan ake raba abin da aka karɓa. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ya san wannan, aƙila ce, sai dai su sun mai da ita ginshiƙin zama. Rijiya, makiyaya, kuɗin asibiti, belin wanda aka kama, masauki in ka sauka baƙon gari, duk ta nan suke fitowa.

Yanzu ɗauki mutumin da aka naɗa darakta a ma'aikata. Waɗanda suka haɗa masa kuɗin makaranta, kuma waɗanda za su biya diyya in ɗansa ya buge wani da mota, su ne a ƙofar ofishinsa da takardun 'ya'yansu. Gwamnatin da ake so ya fifita kuwa ba ta da fansho mai tabbas, ba ta da kotun da za ta ƙwato masa haƙƙi, watakila ma ba za ta kai baɗi ba. In ya ɗauki ɗan gidansu lissafi ya yi, kuma lissafinsa bai kuskure ba. A ganina nan ne duk masu wa'azin cancanta suke zamewa: suna so mutum ya saki reshe alhali ba su nuna masa abin da zai kama ba.

An gwada, ba sau ɗaya ba. Abdirizak Haji Hussein, firaminista daga 1964 zuwa 1967 a ƙarƙashin shugaba Aden Abdulle Osman, ya ɗauki ƙwarewa da riƙon amana a matsayin takensa, ya sallami manyan ma'aikata da dama da aka ga ba su iya aikin ba. Bai daɗe ba. Zaɓen 1969 jam'iyyu sama da 60 ne suka shiga neman kujeru 123, yawancinsu jam'iyyun gida ɗaya ne, kuma ana gama ƙidaya kusan kowa ya tsallaka jam'iyya mai mulki don a dama da shi. A watan Oktoba na shekarar aka harbe shugaba Abdirashid Ali Sharmarke, kwana shida bayan haka Janar Siad Barre ya karɓe mulki. Shi kuma ya bi ta ƙarfi: ya haramta ambaton zuriya, ya hana biyan diyya ta gargajiya, har gunkin ƙabilanci aka sassaƙa aka binne a bainar jama'a. Amma a ƙarƙashin ƙasa mulkin nasa ya koma kan gidaje uku, duk na Darod: Marehan gidansu, Ogaden gidan mahaifiyarsa, da Dulbahante gidan surukinsa wanda ya riƙe hukumar tsaron farin kaya. Da ya sha kashi a yaƙin Ogaden da Habasha a 1978, 'yan tawaye ma sai suka tashi gida-gida, Majerten da tasu ƙungiya, Isak da tasu a 1981, Hawiye da tasu a 1989. An yi wa Hargesa, babban birnin yankin Isak, ruwan bama-bamai a 1988. Barre ya tsere daga Mogadishu a Janairun 1991, gwamnati ta watse.

Saboda haka huɗu da rabi ba don a zaɓo gwanaye aka ƙirƙiro shi ba, don a ajiye bindiga ne. A taron Arta na ƙasar Jibuti a 2000 ya kankama, taron Kenya da aka kammala a 2004 ya tsayar da lissafin 61 da 31. Wannan aikin kam ya yi shi gwargwado. Mulki ya sauya hannu a 2012, 2017 da 2022 ba tare da wani gida ya ce an shafe shi ba.

Ɓarnar tana cikin yadda ake cike kujerar, kuma sai an bi ta daki-daki ake ganinta. Kason 61 ba ya tsayawa a babban gida. Ana sake raba shi ga rassa, rassa su raba wa ƙananan rassa, har kowace kujera ta zama mallakin wani reshe takamaimai. Wani reshen ma karɓa-karɓa yake yi tsakanin ɗakunansa. Ke nan in kujerar ta ɗakin wane ce a wannan zagaye, likita ko masanin tattalin arziki da ya fito daga ɗakin da ke kusa ba shi da ikon ko sayen fom. An rage 'yan takara tun kafin a tambayi wa ya iya.

Sai masu zaɓe. A 2012 dattawa 135 ne suka zaɓo 'yan majalisar baki ɗaya. A 2016 aka faɗaɗa: dattawan su zaɓo wakilai 51 ga kowace kujera, jimla 14,025. A zaɓen 2021 zuwa 2022 aka mai da su 101. Duba lissafin. Mai neman kujera a 2016 mutum 26 kawai yake buƙata, a zagaye na gaba 51. Mutum 26 ana iya tara su a otal ɗaya, a ciyar da su, a karɓe wayoyinsu, a yi ciniki da kowa a ɗakinsa. Duk wanda ya ga yadda ake killace daliget a daren zaɓen fid da gwani a nan ba ya buƙatar ƙarin bayani. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar a 2016 ya fito fili ya ce ana sayen ƙuri'a da dubban daloli, kuma akwai kujerar da cinikinta ya haura dala miliyan ɗaya. Kuɗin rajistar takara kaɗai dala 5,000 ne a 2016, ya ninka a zagaye na gaba.

Mai wayo ma ba ya jiran ranar ƙuri'a. Wurin rubuta sunayen wakilai yake zuwa, domin wanda ya rubuta jerin shi ya ci zaɓen. Daga nan rigimar waye dattijon gaskiya take tasowa, sai ka ga reshe ɗaya da dattawa biyu, kowa da mai ɗaure masa gindi. Shugabannin jihohi, da yake a garuruwansu ake zaɓen kuma jami'an tsaronsu ke gadin ƙofa, su ma suna da ta cewa a kan wanda zai shiga zauren da wanda za a tsayar a waje. Dattijon da ya ƙi sayuwa kuma yana da wata fargabar, don Al-Shabab ta kashe dattawa da wakilai da dama saboda sun shiga zaɓe. Abin lura a nan: wanda ya fito daga wannan tsari sau da yawa ba shi ne zaɓin danginsa ba ma. Sunan zuriya aka yi amfani da shi, kuɗi da ƙarfin gwamnati suka yanke hukunci. Dangin sun yi asara, cancanta ta yi asara.

Waɗannan 275, tare da sanatoci 54, su suka riƙa zaɓen shugaban ƙasa. A 2017 da 2022 duk a cikin harabar filin jirgin saman Mogadishu aka yi, saboda tsaro. Ranar 15 ga Mayu 2022 Hassan Sheikh Mohamud ya samu 214, Mohamed Abdullahi Farmajo 110. Daga nan sai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: in shugaba Hawiye ne firaminista Darod ne, in an juya a juya, kakakin majalisa kuma Rahanwen. Farmajo ɗan Darod ya yi aiki da Hassan Ali Khaire sannan Mohamed Hussein Roble, duka Hawiye. Hassan Sheikh ɗan Hawiye ya ɗauko Hamza Abdi Barre ɗan Darod.

Rabon yana gangarowa har ƙasa: ministoci, jakadu, daraktoci, kwamandoji. Illarsa biyu ce. Ta farko, ana ƙirƙirar muƙami don lissafi ya cika, ba don akwai aiki ba. Majalisar ministocin 2022, in an haɗa da ƙananan ministoci da mataimaka, ta haura mutum 70, a ƙasar da kaso mai yawa na kasafin kuɗinta tallafin waje ne. Ta biyu ta fi muni: ba a iya korar kowa. Ka cire darakta don ya ci kuɗi, gobe dattawan gidansu sun iso, maganar ta tashi daga "ya yi sata" ta koma "an ƙwace mana kujera". Mafita ɗaya ce, ka maye gurbinsa da ɗan gidansu, galibi wanda su suka kawo. Ma'aikaci ya san ba shugabansa ne ya ba shi aikin ba, to don me zai ji tsoronsa? A soja abin ya fito tsirara a Afrilun 2021, lokacin da majalisar wakilai ta ƙara wa Farmajo shekara biyu. Rundunoni suka rabu, wasu suka bar bakin daga suka shigo Mogadishu suka ja daga a unguwannin danginsu, sai da aka janye ƙarin wa'adin.

Masu rabin kaso su suka fi ji a jikinsu. Manoman bakin kogunan Juba da Shabelle da ake kira Bantu, mutanen tsofaffin biranen gaɓar teku, maƙera da dukawa da ake ƙyamar aure da su, duk an cusa su a kujeru 31, kuma wasu manyan muƙamai ko a mafarki ba nasu ba ne. Mata kuma an yi musu alkawarin kashi 30 cikin ɗari, suka samu 24 a 2016, suka sauko wajen 20 a 2022. Dalilin a bayyane yake: reshen da kujera ɗaya tak gare shi ba ya son ba wa mace, don a ganinsu 'ya'yanta na gidan mijinta ne.

Inda cancanta ta samu gindin zama a ƙasar, in ka duba, wuri ne da kuskure yake da tsada nan take. Kamfanonin waya da na aika kuɗi sun faro da amanar dangi, amma injiniyan da bai iya ba layi zai ɗauke, abokin ciniki ya koma wani kamfanin. Rundunar Danab da Amurka ta horar an cakuɗa gidaje a cikinta da gangan, ana tantance mai shiga, shi ya sa ta fi sauran tasiri. Somaliland, wadda ta ɓalle a 1991, ta bi wata hanya: ta ba dattawa majalisarsu mai kujeru 82, sannan ta taƙaita jam'iyyu zuwa uku don kada kowane gida ya kafa tasa, dole ɗan takara ya nemi ƙuri'ar wasu. A 2003 Dahir Riyale Kahin, wanda ba Isak ba ne, ya ci zaɓe da ratar ƙuri'u 80 kacal a yankin da Isak suka fi yawa, wanda ya faɗi kuma ya haƙura. Ba wai sun tsira ba ne, majalisar dattawan ba a taɓa zaɓenta ba, kujerunta sun zama gado.

Namu tsarin na raba-daidai, wanda ya shiga kundin mulki a 1979 aka kafa masa hukuma a 1996, yana da wannan sauƙin a takarda: kaso na jiha ne ko na ƙaramar hukuma. Ɗan Mai'aduwa ko ɗan Bakori, ko Bafulatani ne ko Bahaushe, ɗan sarauta ko ɗan maƙeri, takardar shaidar ƙaramar hukuma ɗaya za su nuna, su yi gasa a cikin kason. Inda muke komawa irin nasu shi ne ranar da aka ce kason ƙananan hukumomi 34 an miƙa wa manya su kawo sunaye, jarrabawa ta zama ta jeka-na-yi-ka. Rabo bai hana a gwada mutane a cikin kowane kaso ba. Rashin gwajin ne matsalar, da rashin ikon sallamar wanda ya gaza.

Kowace gwamnati a Mogadishu tana alkawarin zaɓen mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, wanda rabon ƙasar da shi a matakin tarayya tun 1969. Jihar Puntland ta gwada a zaɓen ƙananan hukumomi a 2021 da 2023. Ana yawan kafa hujja da tsaro, kuma hujja ce, amma akwai wadda ba a cika faɗa ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka fitar da wani ɓangare na sakamakonta ta 1975 ce, ta 1986 ba a fitar ba. Lissafin 61 daidai-wa-daida an yi shi ne don ba wanda ya san yawan kowa, kuma kowane gida ya yarda shi ya fi yawa. Ranar da aka kafa akwati a kowace unguwa za a gane wane ne aka daɗe ana ba shi fiye da kasonsa, kuma 'yan majalisar da suka amince da dokar zaɓen a 2024 su ne waɗanda wakilai 101 suka kawo.