Layin da ke tsaye ba ya shiga y = mx + c

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, akwai tambaya mai sauƙi da na sha zubar da maki a kanta. Za a ba ka layin x = 3, a ce ka nemo ikweshan na wani layi da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi ba tare da sun haɗu ba, wanda ya ratsa ɗigon (−2, 5).

Kuskurena shi ne garajen ɗauko y = mx + c, don ita na haddace. To, gwada neman gangara, wato m. Ɗauki ɗigo biyu a kan layin, (3, 1) da (3, 7). Bambancin y shida ne, bambancin x kuwa 3 − 3, sifili. Ka ga 6 ÷ 0 ke nan, kuma ba a raba lamba da sifili, ko kalkuleta ƙi zai yi. Layin tsaye ba shi da gangarar da za a rubuta da lamba. Ni kuwa sai in rubuta m = 0, in samu y = 5. Wannan layi kwance yake, har ma ya tsinka x = 3 a ɗigon (3, 5). An nemi wanda ba zai taɓa haɗuwa da shi ba, na kawo wanda ya gitta shi.

Duk ɗigon da ke kan layin tsaye x ɗinsa ɗaya ne, y ne kawai ke hawa da sauka. Saboda haka dubi lambar farko ta ɗigon da aka ba ka, amsa ita ce x = −2. Biyar ɗin nan ba ta da aiki.

Wani lokaci sukan ɓad da kamar tambayar. Idan ka ga 2x − 6 = 0, babu y a ciki, warware shi ka samu x = 3. Idan an ce layin yana bin layin y (y-axis), wato layin tsayen da ya ratsa ɗigon (0, 0), nan ma kada harafin ya ruɗe ka, shi kansa layin y sunansa x = 0.

Tazara ma tana kayar da mutane. Tsakanin x = 3 da x = −2 akwai 3 − (−2), wato 5. Mai gaggawa yakan manta alamar ɗebewa ya rubuta 1. In kuma aka ce nemo layin tsaye mai tazarar 4 daga x = 3, amsa biyu ce, x = 7 a dama da x = −1 a hagu, wanda ya kawo ɗaya ya bar rabin maki.

Kafin ka miƙa takarda, zana layukan biyu a gefe, ko da fensir ne ba rula. In ka ga ɗaya tsaye ɗaya kwance, koma ka duba inda ka mai da 6 ÷ 0 sifili.