Gyaran tabon tsakuwa a motar da aka shafa wa man kariya

Masu bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, tsakuwa ba ta barin gaban mota. In an riga an shafa man kariya, wato man da ke kare fentin mota, kada a ɗiga fenti kai tsaye: ba ya kamawa, ɓarewa zai yi. A fara goge ramin da alkol har santsin ya fita. In akwai tsatsa, a kankare ta, a sa fentin ƙasa, wato na fari da ake shafawa kafin mai launi.

Lambar launi, wadda ake neman fenti irin na motar da ita, galibi tana jikin madogarar ƙofar direba. Da tsinken sakace ake ɗiga fentin, kaɗan-kaɗan, minti 30 tsakani, a inuwa. Mai cika rami lokaci guda zai tarar ya yamutse. Ranar ƙura kuwa, a haƙura.

Sake shafa man kariyar sai bayan wata guda.