Na je rage tumbi, na dawo da barci

Ni fa ba dan wata lafiyar ƙwaƙwalwa na fara hawan dutse ba, tumbi ne ya ishe ni. Zaman gaban kwamfuta tun safe har dare, in miƙe bayana na ciwo, in hau bene hawa biyu ina haki kamar wanda kare ya biyo. Wani abokina ne ya matsa min wata Asabar wai mu je mu taka ƙasa, na bi shi ne kawai dan kar yace na cika son jiki.

Ranar farko kam wahala na sha, ba wani daɗi. Abin da ya ban mamaki shi ne hawan bai kashe ni ba, saukowar ce. Ina ganin ai gangara banza ce, ashe a nan cinya ke aikin birki, tsokar tana miƙewa kuma tana riƙe nauyinka a lokaci guda, shi yasa ciwon ba ya zuwa a ranar, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku zaka ji kamar an maka duka da taɓarya. Ni ranar Litinin da kyar na iya zama a kujera. Gwiwa ma a gangara take shan nauyi, tun daga nan ban ƙara fita ba sanda ba, duk wanda zai min dariya yayi.

Maganar jiki ba sai na ja ta ba, kowa ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a sati, to fita ɗaya ta awa biyu da rabi ta cika lissafin, duk da dai rarraba shi cikin sati ya fi. Zuciya na ƙara ƙarfi, hawan jini na sauka, tsoka na jan suga daga cikin jini tana ƙonawa. Kuma ƙasa mai gargada ba irin kwalta ba ce, kowane taku sai idon sawu ya gyara tsayuwa, a hankali zaka ga ka daina tangal-tangal. Af, wancan taku 10,000 da waya ke damun mu da shi, asalinsa sunan wani ɗan injin ƙirga taku ne da aka tallata a Japan a shekarun 1960, ba likita ne ya yanke ba. Na daina kallon lambar.

Abin da ya riƙe ni daban ne. Ni mutum ne mai saƙa da warwara, in kwanta ƙarfe goma amma sai ɗaya ta buga ina maimaita wata magana da aka faɗa min a ofis, da na ce kaza, me yasa ban ce kaza ba, haka dai. To a kan dutse babu filin wannan, idonka na kan inda zaka sa ƙafa, kunnenka na jin numfashinka, ga netwok babu balle waya ta yi ƙara, kafin ka ankara an yi awa guda kanka shiru. Ba wai matsalar ta tafi ba, tana nan tana jiranka a ƙasa, amma in ka sauko sai ka ga ta koma daidai girmanta. Daga baya na ga wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2015, an sa wasu tafiyar minti 90 cikin ciyayi da bishiyoyi wasu kuma a gefen titi mai cunkoson motoci, waɗanda suka bi daji su ne saƙe-saƙen ya ragu musu, har a hoton ƙwaƙwalwa an ga bambanci. Nace to ashe ba ni kaɗai ba ne. Mutanen Japan ma tun 1982 suka sa wa abin suna, shinrin-yoku, wato wankan daji.

Sai barci. Hasken safiya na saita agogon jiki, ga gajiya ta gaskiya ba gajiyar zama ba, ranar da na fita ko juyi biyu bana yi.

Kar dai wani ya ɗauka ina cewa dutse na maye gurbin asibiti. Mai ciwon damuwa na sosai ya ga likita, mai ciwon zuciya ko gwiwa ma ya tambaya kafin ya fara. Kuma na taɓa yin wautar fita da gorar ruwa ɗaya rana tsaka da sabon takalmi, na dawo da ciwon kai da ƙafa duk ta yi bororo. Yanzu sammako nake, in faɗa wa wani inda na nufa, in tafi da saurin da zan iya magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba.

Tumbin kuwa yana nan, ya ɗan ja baya kaɗan dai. Abokin nan da ya ja ni shi yanzu nake bugawa waya da asuba yana min ƙorafin barci.