Kwana Biyu a Bakin Kogin Kolumbiya Ina Koyon Bambance Fasilin Hamada

Mun bar birnin Fotland na jihar Oregon ta ƙasar Amurka bayan sallar asuba, a makon ƙarshe na watan Maris, mu huɗu a mota ɗaya: ni da wasu ɗalibai biyu, da wata dattijuwar malamar ilimin tsirrai wadda ta shafe shekaru tana hawa da sauka a tsaunukan gabashin jihohin Oregon da Washinton. Aikin gona nake karantawa, kuma abin da ya sa na roƙi a tafi da ni shi ne wata magana da Malama ta yi a aji, cewa akwai dangin tsiro da masana ke kira Lomatium, mai nau'i fiye da 70, wanda ba ya fitowa a ko'ina sai yammaci da tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa, kuma har yau masanan kan yi gardama a kan wanne ne wanne. Mutanen yankin suna ce masa fasilin hamada, domin ganyensa ya yi kama da fasilin da ake yankawa a abinci, alhali shi a busasshiyar ƙasa mai duwatsu yake rayuwa. Ɗan'uwan karas ne da seleri, shi ya sa furensa ke buɗewa kamar laima, kowane sandan laimar yana ɗauke da ɗan tarin furanni a kansa.

Hanyar tana bin gefen kogin Kolumbiya zuwa gabas, ta cikin kwazazzabon da kogin ya yanka a tsaunukan Kasked. A tsakiyar kwazazzabon ruwan sama yana haura milimita 1,800 a shekara, dazuzzuka sun rufe ko'ina, ruwa yana zubowa daga kan duwatsu. Amma da muka wuce garin Hood River, tafiyar kilomita 100 daga Fotland, sai na ga itatuwa suna raguwa a kan idona, har tsaunuka suka koma tsirara sai ciyawa da baƙin dutse. Garin The Dalles da ke gaba kaɗan ba ya samun milimita 400, wato bai kai ruwan Katsina ba, kuma ɗan abin da yake samu a watannin sanyi yake sauka. Malama ta ce wanda bai fahimci wannan ba, ba zai fahimci tsiron da muka zo nema ba, domin shi yana da makonni kaɗan ne tsakanin janyewar sanyi da bushewar ƙasa, a cikinsu zai fid da ganye, ya yi fure, ya zuba iri, sannan ya bushe ƙurmus ya koma cikin saiwarsa ya kwanta har shekara ta zagayo.

Muka haye gada zuwa ɓangaren Washinton, muka tsaya a wani wuri da ake kira Catherine Creek, inda iska ke kaɗawa da ƙarfin da sai mutum ya danne takardarsa da gwiwa kafin ya yi rubutu. Na farko da muka gani bai ba kowa wahala ba. Lomatium columbianum ne, mai fure jan garura da ganye toka-toka mai shuɗi-shuɗi, a tsattsage siriri kamar gashin tsuntsu, ya yi kumbo a tsakanin duwatsu. A wannan yanki kaɗai ake samunsa, kuma ko daga cikin mota mutum zai gane shi. Sauƙin da na samu a kansa ne ya ruɗe ni, domin da Malama ta sake mu ta ce kowa ya rubuta abin da ya gani, sai na riƙa bin launin fure. Cikin sa'a guda na cika shafi da tsirrai masu fure rawaya har guda tara, na ba su suna ɗaya.

Malama ta karɓi littafin ta duba, ba ta ce uffan ba, sai ta sa na mayar da ita wurin uku daga cikinsu. A na farko ta ce in murza ganyen in shinshina. Wani ƙamshi mai kaifi, tsakanin na seleri da na ƙaro, ya manne mini a yatsu har yamma, ganyen kuma a tsattsage yake ƙanana-ƙanana ta kowace fuska kamar soso. Na biyu ganyensa dogaye ne sirara kamar ciyawa, sun rabu uku-uku, kuma shi ne triternatum. Na uku bai gama buɗe fure ba, amma ganyensa masu faɗi ne kamar na gyaɗa, kuma saman karan ya kumbura daidai inda sandunan laima ke rabuwa, alamar da ke nuna nudicaule ne. Sannan ta ce da ni, “Ɗana, fure kira yake yi wa ƙwari, kuma ƙwarin nan duk launi ɗaya suke so a wannan wata. Idan kana neman sunan tsiro, durƙusa ka tambayi ganye, ka leƙa ƙarƙashin laima, ka jira iri.” Na ji nauyin kuskuren, musamman da na tuna cewa a gida ko yarinya ’yar shekara bakwai aka aika tsinko tafasa ba za ta kawo rai-ɗore ba, duk da cewa furensu rawaya ne su biyun, saboda an nuna mata tun tana ƙarama cewa ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne.

Shi wancan mai ƙamshin yana da nasa labari. Shekaru da yawa ana kiran duk masu kamarsa da suna ɗaya, grayi, sai a 2018 wasu masana suka sake nazarinsu suka raba su gida huɗu. Wanda na murza ya koma papilioniferum, sunan da aka ba shi saboda wani irin malam-buɗe-littafi da ke saka ƙwai a kansa, tsutsarsa ta ci ganyen. Da muka isa garin Lyle muka bi gefen kogin Klickitat, Malama ta nuna mana ɗan'uwansa klickitatense a jikin gangaren dutse, ya fi shi girma, zaren ganyensa kuma sun fi tsawo da laushi. Na daɗe ina kai ido daga wannan zuwa hoton wancan kafin bambancin ya zauna mini, amma da ya zauna sai na yi mamakin yadda aka yi shekaru ana ɗaukarsu abu ɗaya.

Kafin la'asar na koyi amfani da ɗan madubin ƙara girma da Malama ke ratayawa a wuya. A ƙarƙashin kowane tarin fure akwai wasu ’yan mitsi-mitsin ganye da ke tallafe da shi, kuma siffarsu tana daga cikin manyan shaidu. A macrocarpum, wani gajere mai gashi toka-toka da fure fari-fari da muka samu kwance a kan tsakuwa, ganyen nan dogaye ne masu tsini, kuma duk sun karkata gefe ɗaya. Babbar shaida kuwa ita ce iri, wanda yake a baje kamar na kabewa, da wani leɓe siriri a gefensa. Daga wannan leɓen ne ma aka samo sunan dangin a 1819, daga kalmar Girkanci mai nufin gefen tufa. Faɗin leɓen da tsawon irin da gashin jikinsa su ne ke yanke gardama, sai dai a watan Maris yawancinsu ba su nuna ba. Malama ta ja mana kunne ƙwarai cewa kada wanda ya kai komai baki, domin a cikin wannan babban gida na karas akwai masu kisa, ɗaya mai ɗigon shunayya a kara, wanda aka shayar da masanin falsafa Sokratis gubarsa a tsohuwar Girka kuma ya bazu a gefen hanyoyin yankin, ɗaya kuma mai fitowa a bakin rafi wanda ɗan guntun saiwarsa ya isa ya halaka babban mutum.

Mun kwana a The Dalles. Gabas da garin ne mafaɗar ruwan Celilo take, inda ƙabilun kogin suka yi dubban shekaru suna kamun kifi da ciniki, har madatsar ruwa ta nutsar da ita a watan Maris na 1957. A wurin cin abinci Malama ta karkata hirar ga waɗannan mutane, ’yan asalin ƙasar masu harshen Sahaptin, wato Yakama da Umatilla da mutanen Warm Springs. A wurinsu tsiron nan abinci ne. Mata ke fita da wani dagi mai lanƙwasa da suke kira kapin, su haƙo saiwar, su ɓare, su daka, su cura ta su shanya domin ajiya, kuma ba a fara haƙa sai an yi bikin godiya na sabon abinci. Ko tawagar Lewis da Clark, Amurkawa masu binciken ƙasa, a kan hanyarsu ta komawa gida a 1806, sun sayi irin wannan gurasar saiwa daga mutanen ƙabilar Nez Perce, ta nau'in da ake kira cous.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wasu ’yan ƙanana biyu masu farin fure da ɗigo-ɗigon shunayya, waɗanda ake yi wa laƙabi da gishiri da barkono. Babban littafin tsirran yankin da aka buga a 1973 ya haɗe su a matsayin nau'i ɗaya, amma wani masani daga Jami'ar Washinton, Eugene Hunn, da ya zauna da dattawan Sahaptin yana koyon sunayen tsirrai, ya tarar suna da sunaye 14 na wannan dangi, kuma su biyun nan ba su taɓa haɗa su ba. Ɗaya mamin suke ce masa, abinci ne mai daraja, ɗayan kuma sasamit'a, ba su damu da haƙarsa ba. Daga baya binciken masana ya tabbatar da cewa nau'i biyu ne, piperi da gormanii. A ganina babu abin mamaki a nan, domin matar da za ta ciyar da gida da abin da ta haƙo, ta kuma koya daga kakarta tana durƙushe a gefenta, ta fi mai duban busasshen tsiro a kan takarda dalilin lura. Da safe mun riga mun ga piperi a Catherine Creek, na kuma zana shi, saboda haka na kwana da ɗokin ganin ɗayan.

Washegari muka ɗauki hanya mai lamba 97 zuwa arewa, muka wuce Goldendale, muka haura mashigin Satus inda sauran dusar ƙanƙara ke kwance a inuwar itatuwa, muka gangara ta cikin ƙasar Yakama. Ba mu tsaya a nan ba, domin yawancin ƙasar a rufe take ga baƙi, kuma wuraren haƙar saiwa na masu su ne. Bayan garin Yakima muka shiga kwazazzabon kogin Yakima, muka ajiye mota a Umtanum, muka tsallaka wata gadar ƙafa mai lilo, muka fara hawa. Hawan ya ɗauke mu kusan sa'o'i biyu, kuma sau biyu ina tsayawa cire kaska daga ƙafar wandona. A saman tudun ƙasar ba ta fi tafin hannu kauri ba a kan dutse, kuma a irin wannan wuri ne masu dunƙulalliyar saiwa suka fi so. Mun fara cin karo da canbyi, mai farin fure shi ma, amma ya fi girma, ganyensa ya fi yawan tsaga.

Ni na fara hango ƙaramin, a wata tsaga tsakanin duwatsu biyu, tsayinsa bai kai ɗan yatsana ba. Wannan karon ban kira suna ba. Na kwanta rub da ciki a kan tsakuwa, na buɗe zanen jiya na ajiye a gefe. Na jiya yana da ganye ɗaya a jikin karan da ke ɗauke da fure, wannan kuwa karansa tsirara yake tun daga ƙasa, ganyen duk daga gindi suka fito. Na karɓi madubin Malama na kai shi kan wata laima da furenta ya fara zuba, inda ’ya’yan suka fara ƙullawa, kowanne bai kai ƙwayar gero biyu ba. Sai da na riƙe numfashi saboda iska da rawar hannu, sannan na ga jikinsu da wani ɗan kaushi kamar an barbaɗa musu gari, alhali na jiya sumul suke. Na ɗago na ce, “Malama, ina jin wannan sasamit'a ne.” Ta durƙusa a hankali saboda gwiwarta, ta karɓi madubin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in rubuta gormanii, in sa kwanan wata da tsayin wurin, in kuma bar fili a ƙasan shafin domin zanen iri idan mun dawo a watan Mayu.

Ba mu haƙa ko ɗaya ba. Na yi sallar azahar a kan wani faffaɗan dutse na ɗora jakata a gefen sallaya don kada iska ta tafi da ita, sannan muka fara gangarowa, Malama a gaba da sandarta, tana tsayawa a kan kowane rawayan fure tana jiran in durƙusa.