Shekara biyu kafin ƙoshiya

Sai da na shekara biyu a gindin masaƙar Baba kafin ya bar ni na taɓa ƙoshiya, ɗan icen nan da masaƙi ke jefa zare da shi. Aikina bai wuce naɗa zare a kwarkwaro ba, da kai-kawo wajen wadari, da mayar da kunkuru, wato nauyin da ke riƙe zaren a miƙe, baya idan ya matso. In zare ya tsinke kuwa, ko ɗaga kai ba ya yi, sai dai in ji, "Kai, zo ka ƙulla." Na ƙulla, ya shafa da babban yatsa, in ya ji tudu ya sake tsinke shi.

Lokacin gani nake mugunta ce. Ashe zaren ne ba na wasa ba. Inna ce ke kaɗa shi: ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta dangwali alli a yatsu, mazari na juyawa har la'asar. Wanda ya ga wahalar nan ba ya yarda mummunan ƙulli ya ɓata sawu, wato tsirin ƙyallen da ake saƙawa.

Mu na yankin Kura da turkuɗi aka san mu. Sawayen sirara ne ƙwarai, sai an harhaɗa da yawa a ɗinke, a kai karofi a rina da baba, sannan masu bugu su buge shi har ya riƙa ƙyalli. Buzaye ke sayensa su yi rawani, shunin yana kama musu fuska, su kuwa abin da suke so ke nan. Tun 1851 Bature Barth ya tarar tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu. Wannan wani ɗalibin jami'a ne ya karanta mini, Baba bai taɓa jin sunan mutumin ba.

Yanzu yara huɗu ke zuwa wurina, zaren kuma na kanti ne, ba ya yawan tsinkewa. Na sassauta, ba zan ɓoye ba. Bayan sati biyu nake ba su ƙoshiya, don in na ce shekara biyu, tuƙin adaidaita sahu za su koma. Ƙafa kan saba da taka allira, mai ɗaga zaren saƙa, da wuri, hannu ne ke jinkiri.

Jiya zaren ƙaraminsu ya tsinke. Ya ƙulla, ya kalle ni, ya ce, "Malam, ya yi?" Na shafa, na ji tudu. Na daɗe riƙe da zaren kafin na tsinke shi.