Daga Maraɗi zuwa Gwanzu

Kawuna ya daɗe yana saro kayan babur daga ƙasar Sin, bana ya ce in bi shi in ga hanya. Tun kafin asuba muka shiga kar a Maraɗi. Gidan Rumji, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Kilomita wajen 660 ne, amma ga shingayen bincike, ga tsayawa sallah da cin abinci, sai bayan la'asar muka sauka, ƙafafuna sun kumbura.

Washegari muka tashi daga filin jirgin Diori Hamani a jirgin Ethiopian Airlines. Zuwa Addis Ababa kusan kilomita 4,000 ne. Filin Bole yana kan tudu, sama da mita 2,300, sanyin daren nan ya shige ni har ƙashi. Nan muka zauna jira. Matafiyi ba ya sa jiran nan cikin lissafi, alhali yana cin awoyi, kana rungume da jaka kana gyangyaɗi, idonka na kan allo.

Wajen tsakar dare muka hau babban jirgin. Tsakanin Bole da filin Baiyun na Gwanzu kilomita kusan 8,000 ne, a sama kuma awa goma da ɗoriya. Na daɗe ina juya wannan a raina: lokacin da kar ta ci kafin ta kai mu Yamai, kusan shi jirgi ya ci ya tsallake tekun Larabawa, ya ratsa Indiya, ya shiga kudancin Sin. Allon da ke gabana yana nuna gudun kilomita kusan 900 a awa, mu kuwa a ciki ko shayi bai zuba ba.

Rana ce ta fi ba ni mamaki. Da yake gabas muka dosa, tarye ta muke yi, daren bai yi tsawo ba sai ga haske ta taga. Na taɓa Kawu na ce, "Kawu, agogona bai kai asubar Maraɗi ba fa." Ya ce, "Ɗana, bar agogo, dubi alfijir. Inda kake, nan ne lokacinka." Muka yi sallah a zaune. Sin tana gaban Nijar da awa bakwai, shi ya sa da muka sauka da la'asar, a gida hantsi ne. Na kira Inna, ta ce yanzu suka gama karin kumallo. Daren farko idona biyu har aka kusa asuba.

Dawowa ta fi tsawo, ko da yake hanyar ɗaya ce. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura mai zuwa, tana tare mai dawowa. Ni dai na ji ƙarin nan a ƙuguna.

Abokai a kasuwa sun yi ta tambayata awa nawa ne zuwa Sin. Ina ce musu a sama wajen awa goma sha shida, amma daga ƙofar gida a Maraɗi zuwa masauki a unguwar Shawbe, inda ƴan Afirka suka fi sauka, mutum ya ware kwana uku. Kayan da muka saro kuwa a kwantena suka biyo teku zuwa tashar Lome, sun fi wata a kan ruwa kafin a fara maganar motar da za ta kawo su Maraɗi.