Ashe ba sabulun ba ne, ruwan rijiyarmu ne

Ƴan'uwana masu koyon haɗa sabulu, yau kam alhamdu lillahi, kumfa ta tashi a bahon wankina, da sabulun da na haɗa da hannuna, kuma da ruwan rijiyar unguwarmu a nan Tahoua. Wadda ba ta sha wannan wahalar ba za ta ce mene ne abin murna a kumfa. Ni na san takaicin da na haɗiya.

A ido sabulun ba shi da aibu. Man gyaɗa ne da man kaɗe da ɗan man bedi, ya daskare, ya yanku sumul, ya sha iska har ya daina cizon harshe. Amma da ya shiga ruwan wanki sai ruwan ya tsinke kamar nonon da ya wuni a rana, wani danƙo ruwan toka ya manne a bakin baho. Fararen kaya suka fara dusashewa. Shaddar Juma'ar maigida ta bushe ƙiƙam, ga warin mai. Inna, uwar mijina, ta ɗaga wuyan rigar ta duba, ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri ki koma wa Omo, kada ki kashe wa yaron nan sutura." Ba ta faɗi ƙarya ba, shi ya sa maganar ta yi mini ciwo. Ni kuwa ban bar Omo da jabel don gayu ba. Ruwa saye muke yi wurin ƴan garuwa, ina so kowace jarka ta yi aiki biyu, ta wanke tufafi ta kuma shayar da zogalen tsakar gida.

Da farko rarar mai na zarga, wato man da ake bari a sabulu wanda soda ba ta ci ba. Kun san kashi 5 cikin 100 da muke bari na sabulun wanka ne, na wanki ba ya son rara. Na sake haɗi da cikakkiyar soda, giram 136 ga kilo guda na man gyaɗa. Mai da soda suka cinye mini jika bakwai, na yi jiran ya nuna, danƙon nan kuwa ya dawo bai ragu da komai ba. Wallahi ranar sai da na yi hawaye.

Goruna biyu na roba ne suka warware mini. Ɗaya na cika ta rabi da ruwan saman da na tara da damina, ɗaya da ruwan rijiya, na kankare sabulu daidai wa daida na zuba, na girgiza. Ta ruwan sama kumfa har wuya, kuma ta tsaya. Ta rijiya ko yatsa ɗaya ba ta kai ba, sai gudaji suna yawo. Ƙasarmu ta Adar ƙasar farin dutse ce, shi ne ma ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana ɗauko kalsiyam da maganiziyam, su kuma da sun haɗu da sabulu sai su kama shi su mai da shi wannan danƙon da ba ya narkewa. Ke kina ta ƙara sabulu, ruwa yana ta cinyewa. Garin wanki na kanti an riga an sa masa sinadarin da ke ɗaure su, shi ya sa yake kumfa a kowane ruwa.

Maganin yana murhu. Yanzu kaka ce, karan hatsi ko'ina. Na tara tokarsa wadda ta ƙone fari tas, na tsiyaye ta yadda ake tsiyayar tokar miya, a ƙwaryar da aka huhhuje aka shimfiɗa mata tsumma. Da magariba nake zuba moɗa ɗaya ta ruwan tokar a jarka mai lita 25. Nan take ruwan zai yi hazo, kafin asuba wani farin gari ya kwanta a gindi. A tsiyaye na sama a hankali, shi ne na wanki. Moɗa ɗayan awon rijiyarmu ne, ku fara da kaɗan, idan ruwa ya fara santsi sosai a yatsa to ya yi yawa. Kanwa ma tana yi, sai dai saye ake, kuma gishirinta yana taruwa a ƙasa, alhali abin da ke cikin toka abincin shuka ne. Kada dai ku ajiye ruwan toka a tukunyar dalma, cin ta yake yi. Roba ko tukunyar ƙasa.

A ɗaurayar ƙarshe ina matsa rabin lemun tsami, shadda ta saki. Ruwan ɗauraya na zogale ne. Ruwan wanki na farko, tunda akwai soda a ciki, shi nake wanke bayan gida da shi, in yayyafa saura kafin shara. Inna da kanta ta aiko a ba ta sabulu biyu, ta ce na mayafinta ne.

Abin da ya rage mini shi ne kayan rini. Ban yarda in sa atamfa mai duhu ko shadda mai launi a ruwan toka ba tukuna, har yanzu da ragowar ruwan sama nake wanke su, a juye, a shanya a inuwa, ga shi randar ta kusa kai gindi. Hannuna ma ya fara tsagewa, dole in sayi safar roba. Aduwa nake so in gwada, don kumfar da ke cikin ɓawonta da saiwarta ba irin ta sabulu ba ce, ruwa mai nauyi ba ya tsinka ta, kuma iyayenmu sun yi wanki da ita. Duk wadda kakarta ta koya mata yadda ake daka ɓawon da yadda ake jiƙa shi, don Allah ta rubuto mini awon kafin ruwan randar nan ya ƙare.